Amaren Cikin Kwali: Bayani Kan Tara 'Yan Tsanan Aure na Finafinai da Almara

Duk wanda ya kalli fim ɗin Barbie na 2023, wanda Greta Gerwig ta ba da umarni, Margot Robbie ta ja, ya ga yadda 'yar tsanar roba ta tara wa masu fim sama da dala biliyan 1.4. To akwai wata kasuwa da ta girmi wannan fim nesa ba kusa ba, wadda mu 'yan kallo ba mu cika sanin da ita ba, wato kasuwar manya masu tara 'yan tsana. Manya fa na ce, masu aure da 'ya'ya, wasu har da jikoki. A cikin kasuwar nan kuma akwai layin da ya fi ɗaukar hankalina, layin amare: 'yan tsanan da aka yi wa shigar aure, aka ɗauko siffarsu daga fim ko tatsuniya ko labarin ban tsoro, sannan aka ƙayyade adadin da za a fitar. In sun ƙare sun ƙare ke nan.

Abin akwai ban sha'awa, kuma akwai cin kuɗi. Mutum kan iya zuba dalolinsa a kan abin da bai kai ba, ko ya sayi na ƙwarai zafi da ƙura su lalata masa shi cikin shekara biyu. Shi ya sa na ga ya kamata in tattara muku abin da na sani wuri guda.

Wace iri ce ake magana a kai?

Ba 'yar bebin da ake saya wa ƙanwa a kantin kayan wasa ba ce. Waccan an yi ta ne don a tuɓe ta, a yi mata wanka, a tsefe mata kai har gashin ya ƙare. Wannan kuwa don kallo aka yi ta. Galibi za ku ga an rubuta a jikin kwalin cewa ta manya ce masu tarawa. Ɗinkin rigar na gaske ne, da leshi da satin da duwatsu da dogon mayafi, fuskar ma an fi ɓata lokaci wajen zana ta. Tsayin Barbie inci 11.5 ne, kusan santimita 29. Na Disney masu ƙayyadadden adadi sun fi girma, inci 17, wajen santimita 43. Akwai kuma masu inci 16 irin waɗanda kamfanin Tonner ya yi suna da su.

Abu uku ne ke haɗuwa a jikinta: rigar amarya, labarin da aka ɗauko ta daga ciki, da ƙarancinta. In ɗaya ya faɗi, daraja ta ragu.

Amaryar da ba a taɓa ɗaura wa aure ba

An fara nuna Barbie ranar 9 ga Maris 1959 a bajekolin kayan wasa na birnin New York a Amurka. Ruth Handler ce ta kawo ta, ita da mijinta suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin Mattel, ta kuma sa mata sunan 'yarta Barbara. Dala 3 ake sayar da ita a lokacin. A wannan shekarar aka fitar da kayan sawa da ake saya daban, cikinsu har da rigar amarya mai suna Wedding Day Set, wadda kuɗinta dala 5 ne. Kun ji fa, riga ta fi mai rigar tsada. Wanda ya taɓa raka 'yar'uwarsa wajen telan amare ba zai yi mamaki ba.

Ken ya zo a 1961. Daga nan zuwa yau, sama da shekara sittin, Mattel ba su taɓa ɗaura wa Barbie da Ken aure a hukumance ba. Rigunan amarya kam ta sa ba adadi, amma kullum a matsayin mafarki ko kwalliya. Ku duba sunayen da ake ba su: Wedding Fantasy ta 1989, Dream Bride ta farkon shekarun 1990. Mafarki dai, mafarki dai. Dabarar kasuwa ce, don in an yi auren labari ya ƙare, in ba a yi ba kuwa duk shekara sai a sake ɗinka sabuwar riga. Wadda aka yi wa aure da gaske ita ce ƙawarta Midge, da angonta Alan, a farkon shekarun 1990, Barbie ta tsaya a babbar ƙawa. Su ne Midge da Allan ɗin da kuka gani a fim, shi Michael Cera ya fito a matsayinsa, ita kuma mai juna biyun nan da ake ta yi wa tsiya.

Saboda haka tun asali amaryar roba a duniyar almara take zaune. Da kamfanin ya gane manya na sayen kayansa suna ajiyewa, sai ya fara yi musu nasu. Barbie ta tangaran ta farko ta fito a 1986. Happy Holidays ta 1988 ta ƙare a kantuna, mutane suka shiga nemanta da tsada. A 1990 aka ɗauko Bob Mackie, mutumin da ya shahara da ɗinka wa mawaƙiya Cher kayan hawa dandamali masu ƙyalƙyali, kuma a 1992 ya fitar da Empress Bride, amarya sarauniya, cikin fari da adon zinare. A wurina daga kanta ne amaryar almara ta zama layi mai zaman kansa. Ba wata amaryar duniya da za ta iya tafiya cikin irin wannan shiga, kuma ba don tafiya aka yi ta ba.

Bayan shi manyan masu zana rigunan amare suka biyo: Vera Wang a 1998, Carolina Herrera a 2005, Monique Lhuillier a 2006, Reem Acra a 2007, gidan Oscar de la Renta a 2016. Waɗannan sun fi kusa da auren gaske, don haka ba zan daɗe a kansu ba.

Karanta tambarin kwali

Wannan shi ne darasin farko, wanda bai san shi ba shi ake cuta. A 2004 Mattel suka kasa 'yan tsanan masu tarawa zuwa aji-aji, kowane aji da launin tambarinsa a jikin kwali. Pink Label ba ta da iyakar adadi, ana samunta a manyan kantuna. Silver Label ba ta wuce 50,000 a duk duniya. Gold Label ba ta wuce 25,000. Platinum Label kuwa ba ta haura 1,000, kuma kowace da lambarta. Akwai Black Label, wadda aka fi sa wa waɗanda aka ɗauko daga finafinai da makamantansu, ita ma ba a ƙayyade mata adadi ba. Daga baya kamfanin ya yi wa tsarin gyare-gyare, ya koma amfani da sunan Barbie Signature, amma yawancin amaren da za ku ci karo da su a kasuwar 'yan hannu da wancan tsarin suka fito.

Wani lokaci 'yar tsana ɗaya kan fito a aji biyu. Amaryar Monique Lhuillier misali ce: riga ɗaya, amma an yi mai launin gashi iri biyu, ɗaya Gold ɗaya Platinum. Bambancin gashi kawai, farashi kuwa ko kusa ba ɗaya ba.

Disney nasu tsarin ya fi sauƙi. Suna faɗin adadin kai tsaye, su haɗa da takardar shaida mai ɗauke da lambar taki ko taka, misali ta kaza cikin 5,000. Sun fara layin masu inci 17 a 2009 da Snow White.

Kalmomi irin su "Special Edition" ko "Collector Edition" da ake bugawa a kwalayen shekarun 1990 ba su nufin komai game da yawa. Za mu dawo kan wannan.

Amaren da suka fito daga fim

Nan ne ni abin ya fi yi mini daɗi, kuma na san nan ne ya shafe ku.

Mu fara da Rapunzel. Fim ɗin Tangled ya fito a 2010, ya ƙare ba a nuna bikin ba. Sai a farkon 2012 aka fitar da ɗan gajeren fim, Tangled Ever After, inda doki Maximus da hawainiya Pascal suka yar da zobban aure ana tsakiyar ɗaurawa, suka hargitsa gari wajen nemo su. A wannan shekarar Disney Store suka fitar da Rapunzel amarya mai inci 17, guda 8,000, a kan kusan dala 100. Abin da ya bambanta ta shi ne gashi. Kowa ya san Rapunzel da dogon gashi mai ruwan zinare, amma wannan gajeren gashi ne da ita mai ruwan ƙasa, kamar yadda ta koma a ƙarshen fim bayan an datse shi. Sai mayafin ya maye gurbin gashin, dogo har yana jan ƙasa. Wanda ya yi wannan tunani ya kalli fim ɗin da idon basira. In kun ga an tallata muku "Rapunzel amarya ta 2012" da dogon gashi, to wata ce daban.

Sai Cinderella ta 2015, fim ɗin mutane na gaske wanda Kenneth Branagh ya ba da umarni, Lily James ta fito a ciki. Sandy Powell ce ta tsara kayan sawa. Kowa shuɗiyar rigar rawa yake tunawa, amma rigar auren da ta fito a 'yan daƙiƙun ƙarshe ta fi burge ni: launin madara, dogon hannu, an zana mata furanni masu launi, ba hayaniya. Disney sun yi 'yar tsanarta guda 500 kacal. Guda ɗari biyar ga duniya baki ɗaya. Ita ce irin wadda masu tarawa ke kira abin nema na har abada. A kula, Mattel ma sun yi tasu Cinderella amaryar ta wannan fim, ƙarama, mai yawa a kasuwa. Suna ɗaya, fim ɗaya, kuɗi ba ɗaya ba, kuma akwai 'yan kasuwar da ke fakewa da wannan ruɗani.

'Yan Twilight, ga taku. A Breaking Dawn kashi na farko, wanda ya fito a Nuwamba 2011, Bella ta auri Edward cikin rigar da Carolina Herrera ta zana, mai dogon hannu, bayanta leshi ne da jerin maɓallai. Rigar ta yi tashe har kamfanin Alfred Angelo ya riƙa sayar da kwafinta ga amaren gaske a kan dala 799. Mattel suka fitar da Bella da Edward cikin kayan auren, kowa a kwalinsa. Pink Label ne, wato ba su da ƙaranci a asali. Abin da ke riƙe musu daraja shi ne masoyan fim ɗin ba su ƙare ba, kuma kowa so yake ya haɗa ango da amarya. Wannan ya nuna cewa tambari ba shi kaɗai ke yanka farashi ba.

Yanzu sai amaren dare. Turawa suna da wata al'ada ta haɗa farar riga da abin tsoro, kuma tushenta a fim shi ne Bride of Frankenstein na 1935, inda Elsa Lanchester ta fito da gashin nan a miƙe sama mai farin zane kamar walƙiya a gefe. Fitowarta a matsayin amaryar 'yan mintuna ne a ƙarshen fim, amma yau shekara casa'in ke nan ana kwaikwayon kan nan. A 2022 layin Monster High, a ƙarƙashin reshensa na masu tarawa mai suna Skullector, ya fitar da ita tare da dodon nata. Sun kuma yi Beetlejuice da Lydia, ita cikin jar rigar aure irin wadda Winona Ryder ta sa a fim ɗin Tim Burton. A 2023 kuma suka yi Chucky da Tiffany, na Bride of Chucky. Wannan ta ƙarshen dariya take ba ni: 'yar tsanar da aka yi daga fim ɗin 'yar tsana mai kisa. Ni dai ba zan kwana ɗaki ɗaya da ita ba, amma masu so suna so. Irin waɗannan a shafin Mattel Creations ake sakin su, kuma sau da yawa cikin 'yan mintuna suke ƙarewa.

Ita ma Barbie ta taɓa shiga wannan layi. Jerin Haunted Beauty, wanda Bill Greening ya tsara, guda huɗu ne daga 2012 zuwa 2015: fatalwa, mai shan jini, uwar gidan tsohon gida, sai ta ƙarshe Zombie Bride, amaryar da ta taso daga kabari da koɗaɗɗiyar fata. Gold Label ce. Akwai kuma Emily ta fim ɗin Corpse Bride na 2005, wadda Helena Bonham Carter ta yi wa murya. Kamfanin Jun Planning na Japan ya yi 'yan tsananta, kuma har yau ana nemansu. Emily ta fi sauran shiga rai saboda labarinta na tausayi ne, an yaudare ta an kashe ta a daren da ta gudu don a aure ta.

Masu son waƙa ba a bar ku a baya ba. A 2008 an fitar da Elvis Presley da Priscilla cikin kayan aurensu na 1967 a Las Vegas. Ga masu son gidan sarauta akwai Grace Kelly amarya ta 2011, jarumar Hollywood da ta auri Yarima Rainier na Monako a 1956, da kuma William da Catherine na Ingila, waɗanda aka yi bikinsu ranar 29 ga Afrilu 2011. Ita Grace Kelly da Silkstone aka yi jikinta, wata roba mai nauyi da tauri da ke kama da tangaran, wadda aka fara amfani da ita a 2000. Waɗannan auren gaske ne, amma jaruma ta auri yarima ai tatsuniya ce da ta faru.

Na san wani zai ce ina 'yan Indiya? Akwai su. An yi jerin Expressions of India domin kasuwar Indiya, cikinsu har da amare da jan kaya da gwala-gwalai, da irin su Roopvati Rajasthani da Sohni Punjab Di. Katrina Kaif ma an yi Barbie da siffarta, haka da Dhoom 3 ya fito a 2013 an yi 'yar tsanar Aliya. A ganina amaren Indiyan nan su suka fi kusa da idonmu, mu da muka tashi da kallon bikin fim ɗin Indiya. Farar riga da mayafin raga kyakkyawa ce, amma ja da zinare wani abu ne daban.

Yaren kasuwar

In kun shiga eBay ko Mercari za ku ga wasu harrufa a gaban sunan kaya. NRFB na nufin ba a taɓa fitar da ita daga kwali ba, tana nan a ɗaure yadda ta baro masana'anta. MIB na nufin lafiyarta ƙalau kuma kwalinta na nan, amma mai yiwuwa an taɓa buɗewa. COA ita ce takardar shaida. OOAK na nufin guda ɗaya ce tak, galibi wani mai fasaha ne ya goge fuskar asali ya sake zanawa, ya ɗinka mata kaya da hannunsa. In an ce "nude", babu kaya a jikinta, kuma ga amarya wannan kusan asarar komai ce, tunda rigar ake saye. Akwai kuma kwalin waje mai ruwan ƙasa da kamfani ke aiko ta a ciki, wanda suke kira shipper. Har shi wasu ba sa yarwa.

Gaskiyar maganar farashi

A nan nake so ku buɗe kunne. Akwai masu cewa sayen irin waɗannan jari ne, ka ajiye shekara goma ka sayar ka yi kuɗi. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa ba haka ba ne.

Abin da ya faru a shekarun 1990 ya isa misali. Da mutane suka ga Happy Holidays ta 1988 ta yi tsada, sai kowa ya ruga yana sayen duk wata Barbie mai kyakkyawan kwali yana ɓoyewa a saman sif. Kamfani ya ga ana saye, ya ƙara yawan abin da yake bugawa. Yau ga su nan birjik, sababbi fil a kwalinsu, da yawa ana sayar da su ƙasa da kuɗin da aka saye su. Abin da kowa ya ajiye ba ya tsada. Na 1959 suna da daraja ne saboda yara sun yi wasa da su sun lalata, kaɗan suka tsira.

Saboda haka in kun ga wani ya sa Wedding Fantasy ta 1989 a kan dala dubu, kada gabanku ya faɗi. Kowa na iya rubuta farashin da ya ga dama. A eBay akwai wurin da ake tace sakamako a ga kayan da aka riga aka sayar, da kuɗin da aka biya. Wannan shi ne farashi. Sauran buri ne.

Abin da na lura yana riƙe daraja shi ne haɗuwar ƙarancin gaske da masoya masu yawa. Guda 500 na fim ɗin da miliyoyi suka kalla, dole a yi rububi. Guda 25,000 na mai zanen da matasa ba su san shi ba, sai a hankali. Barbie da ta yi suna wajen tsada a gwanjo, wadda aka sayar dala 302,500 a Christie's a 2010, sarƙar lu'ulu'un da Stefano Canturi ya sa mata a wuya ce ta ja kuɗin, ba robar ba. Kada wani ya kawo muku ita a matsayin hujja.

Akwai kuma 'yan sari. Ranar da za a saki sabuwa, su kan shiga da manhajojin da ke saye cikin ƙiftawar ido, kafin awa ɗaya sun dawo da ita kasuwa a kan ninki biyu ko uku. Shawarata a nan ita ce haƙuri. Makon farko shi ne lokacin zazzaɓi. Bayan wasu watanni farashin da yawa daga cikinsu kan sauko, wani lokaci ma kamfani ya sake fitar da su.

In daga nan za a saya

Mai saye daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi yana da ƙarin lissafi. Kwalin mai inci 17 babba ne, kuma kamfanonin jigila girman kwali suke aunawa ba nauyi kaɗai ba, don haka kuɗin kawowa kan iya kamo kuɗin kayan. Ga kwastam, ga canjin dala. Masu sayarwa da yawa ba sa aikowa Najeriya ko Nijar kai tsaye, sai an bi ta kamfanin da ke ba da adireshi a Amurka ko Ingila, ko ta hannun ɗan'uwa mai dawowa. In ta hannun ɗan'uwa ne, a roƙe shi kada ya fitar da ita daga kwali don ya sami wuri a akwati. Yana yin haka rabin darajar ta tafi, shi kuwa a ganinsa taimako ya yi.

Kafin a biya, a nemi hoton gaba da baya da ƙasan kwali, da hoton takardar shaida inda lambar ta fito sosai. Wanda ya sa hoton kamfani kawai, bai sa na kayan da ke hannunsa ba, a bar masa abinsa. A duba ƙeyar 'yar tsanar da bayanta, nan ake buga sunan kamfani. Sai dai shekarar da ke jikin Barbie shekarar da aka yi rajistar ƙirar jikin ce, ba shekarar da aka yi ita wannan ɗin ba. Miliyoyi na ɗauke da 1966 alhali an yi su shekaru da yawa bayan haka. Da wannan lamba ake yaudarar sababbin shiga fiye da komai. A biya ta hanyar da ke da kariyar mai saye. Wanda ya ce a tura masa kuɗi kai tsaye zai rage farashi, shi ma a bar masa abinsa.

Ajiya, inda ƙasarmu ke da nata hukuncin

Farar riga ba ta yafiya. Rana ce babbar abokiyar gabarta: tana mayar da fari rawaya, ta koɗar da fentin fuska, ta sa robar tagar kwali ta yi ja ta tsage. Ko hasken da ke shigowa ta taga ya isa. Zafi kuma yana sa man da ke cikin roba ya tsatso, ƙafafu su yi danƙo, gam ɗin da ke cikin kan wasu ya narke ya jiƙe gashi. An san wasu 'yan tsanan Mattel na wajen shekarun 2010 da wannan matsala ta gam, har da Monster High na farko. Wanda ya san zafin watan Afrilu a ɗakin kwano ya san abin da nake nufi. Saman sif kusa da rufi shi ne wuri mafi muni, kuma nan ne kowa ke fara tunanin ajiyewa. A nemi ɗakin da ya fi sanyi, ƙasa-ƙasa, nesa da taga da bangon da rana ke duka.

Da hunturu ƙura ce, mai shiga ko'ina, kuma in ta zauna a cikin leshi da raga fitar da ita aiki ne. Da damina danshi ne da hunhuna. Shogilas mai rufuwa sosai, irin na jeren amare, yana maganin ƙura. Don danshi kuma a jefa 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa canza su. Kada a kunna turaren wuta kusa da su. Hayaƙin na kama farin yadi, ƙamshin ma ba ya fita, kuma mai saye a waje zai ɗauke shi a matsayin aibi ko da mu a wurinmu daɗi ne.

'Yan kunnen ƙarfe na sa kunnen tsofaffin Barbie ya yi kore, tabon kuma yana yaɗuwa zuwa kumatu. Yadi mai duhu ko ja yana rina roba, don haka irin su Lydia mai jar riga sai an riƙa dubawa. Ƙananan robobin da ake ɗaure gashi da hannu da su suna narkewa su manne. Wannan ne ya raba masu tarawa gida biyu. Wasu sun ce kada a taɓa buɗe kwali. Wasu sun ce a cikin kwalin ma lalacewa take yi, gara a fitar a cire abin da zai cutar da ita, a baza mayafin a more kallo. Ni ina tare da na biyun in dai adadinta ya kai dubbai. In guda 500 ce ko Platinum, a bar ta yadda ta zo. In an fitar, a adana kwalin da takardar, a cusa farar takarda marar sinadari a ƙarƙashin siket don kada ya kwanta. Kada a wanke rigar, kada a sa mata dutsen guga. In ta yamutse, tururin ruwan zafi daga nesa ya wadatar.

Namu na gida

Manyan kamfanonin nan yammacin duniya da Indiya suka fi kallo, amma akwai motsi a Najeriya. A 2007 Taofick Okoya ya fara Queens of Africa a Legas, 'yan tsana baƙaƙe da kayan gida, cikinsu akwai Azeezah da ke wakiltar Hausawa, tare da Nneka da Wuraola. Haneefah Adam kuma ta yi suna a duniya da shafinta na Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna da hannunta.

Wannan hanyar ta Haneefah ita ce ƙofar da ta fi sauƙi ga wanda dala ta yi wa nisa. A sami 'yar tsana mai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa, a karɓo ragowar leshi da duwatsu wajen tela, a ɗinka mata shigar kamu ko ta dina, a naɗa mata ɗauri, a zana mata lalle da siririn burushi da fentin akirilik. Alƙalamin maka da biro suna nutsewa cikin roba su bazu, don haka a guje su. Yadin ya zama marar kauri, saboda abin da ya zauna daidai a jikin mutum tauri yake yi a jikin mai santimita 29, kuma in mai launi ne a wanke shi tukuna har ya daina zuba kafin ya taɓa jikinta.